Gigile, Sunan da Delu Ta Aro

Tun da muka dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A bakin rijiya tambaya, a wurin sussuka tambaya, har a gidan makoki sai da wata ta matso ta raɗa mini, "Iya, wai da gaske ne kin yi kira daga bayan sabara?" To, ku gyara zama. Zan faɗa tun daga tushe, sau ɗaya. Wadda ta yi dariya kafin a zo wurin dariya, ta tashi ta ba mu wuri.

Kun san gidan da muka yi aure, ni da facalata Delu. Gida ne da ake sa wa mutane sunan itace. Surukinmu, Allah ya jiƙansa, sunan babban itacen nan gare shi, mai ƙaya, mai zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Kun san shi, ba sai na faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Mai gidana Allah ya rufa mini asiri a ɗaki aka haife shi, ya samu sunan mutane. Ƙaninsa kuwa, mijin Delu, naƙuda ta ishe uwarsa a gona, ta durƙusa a gindin anza. An yanka masa rago an ce Idrisu, amma har ya yi furfura ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Anza dai, Anza. Ni matar wa ce, in kira shi in ƙara, har in ja masa kunne. Delu fa? Tun ranar da aka kawo ta wannan suna ya fita daga bakinta, na mutum da na itace duka.

A shekarun ƙoshi wa ya damu? Anza ciyawar akuya ce, ba mai tuna ta. Sai fari ya zo, ya koma ya zo. Rumbu ya zama wurin kwanan kaji, kajin ma muka cinye. Da, in abu ya yi tsanani, kudu muke yi wurin dangi, tun da daga can kakannin gidan suka taso. Bana an rufe iyaka. Anza ya bi ta daji ya tsallaka tun da sanyi, wai cin rani, ba shi ba labarinsa. Abin da ya rage a gidan kaf tulu ɗaya ne, cike da irin gero, an gauraya da toka an liƙe baki da laka. Gajeren geron nan ne mai saurin nuna, wanda ake cewa kakan mai gida a cikin hula ya zo da shi. Mai gida ya ajiye tulun a bayan gadonsa, yana kwana da ƙafa ɗaya a kansa.

Da bazara ta kama, jikoki suka daina wasa. Kuka ma suka daina, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Rannan wani Buzu mai raƙumi ɗaya ya tsaya shan ruwa, ya ce arewa da Cadakori anza ta yi 'ya'ya kamar ba ta san ana fari ba. Ga yara ƙanana da ba su sani ba: 'ya'yan anza in an ɓare su akwai ƙwaya koriya a ciki, ɗacinta ya fi maɗaci, in ka ci haka nan sai ta kwance maka ciki. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sakewa, sannan ta zama dilo, a dafa kamar wake.

Mai gida ya tara mu. Ya ce, "Ku tafi. Amma in kasuwar Cadawa ta ci, ta sake ci, ban gan ku ba, zan fasa tulun nan a daka wa yara. Ba zan zauna kan gero ina kallon jikokina suna bushewa ba."

Na ce, "In ka fasa, ruwa ya sauka, me za mu shuka?"

Ya ce, "Shi ya sa na ce ku yi sauri."

Muka ɗaure buhuna a bayan Akaza, jakin nan namu da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa daga nesa, muka kama hanya.

Kun tambaye ni iyaka. Ba mu je ta kudu ba, amma mun ga ƙanwarta. A bakin kwalta, nan Cadawa, an gicciya igiya tsakanin ganga da ganga, ga jandarma zaune yana duban masu fasa-ƙwaurin hatsi. Yaro ne Bazabarme, Hausarsa na ɗingishi. Delu ke riƙe da jaki, sai ya tare ta.

"Madam, ina zuwa?"

"Arewa, ranka ya daɗe."

"Neman mi?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Ba ke ba, tsohuwa. Mai jaki."

Delu ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Ta ce, "Takwaran mai gidana za mu tsinko."

"Tsinko? Mi ya yi muku?"

"Bai yi kome ba. Ɗaci gare shi. In mun ɓare shi sai mu jiƙa."

Yaron nan ya miƙe tsaye. Ya dubi buhuna, ya dubi taɓaryar da muka ɗaura, ya dube ni. Na ga abin zai kai mu buro, ofishinsu, na ce, "Ɗana, anza take nufi. Sunan mijinta ke nan." Sai ya zauna kan ganga yana dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce su ma a garinsu anza suke cewa. Ko su suka ara wurinmu, ko mu muka ara wurinsu, Allah masani, ni dai ban ga ranar da aka yi aron ba. Ya ce Nasara ma sun sa mata nasu suna, ko Madam za ta so? Ya faɗa. Dogo ne kamar igiyar guga. Delu ta karɓa da hannu biyu, tana maimaitawa, amma kafin mu fita gari rabinsa ya zube a hanya, sauran ta ce yana kama da zagi, ta yar.

A Sae Sabuwa muka sauka gidan wata tsohuwa, Gwamma, mai haƙori ɗaya da baki kamar na mutum goma. Gidanta ya cika da baƙi irinmu, kowa da ƙullinsa. Da yamma ta leƙo ta ce, "Baƙin gabas, kuna cin tamaka?"

Ni mace ce da ba ta cin abin da ba ta san uwarsa ba. Na ce, "Mun gode, ba mu saba ba." Delu kuwa ta ce ko mene ne a kawo. Aka kawo. Ina zaune da mutuncina ina kallo, sai hanci ya gaya mini abin da ke cikin akushi. Zogale ne, jama'a. Zogalen da ke jikin dangarmu. An dafa an barbaɗa ɗan gishiri. Na ce, "Gwamma, wannan ai zogale ne." Ta ce, "A gidanku. Nan tamaka ce, daga Makka ta zo. Kin ce ba ki saba ba, ba na tilasta wa baƙo." Delu ta cinye tana kallon rufin ɗaki. Sai da ta sha ruwa ta tuna tana da yaya, ta miƙo mini akushi in lashe.

Daga ranar na sa kunne, na gane itatuwa ma kamar mata suke, kowane gari aka kai su sai a sake musu suna. Itacen nan mai ɗaci da muke zama inuwarsa, mu dogon yaro muke ce masa. Gwamma ta ce bedi. Wani ɗan koli Bakano da ke kwance a zaure ya ɗago ya ce darbejiya, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ɗan ƙauye ne. Wani malamin lakol, makarantar boko, ya ce nim. Har suka fara ɗaga murya. Gwamma ta raba su, ta ce baƙo ne, ya zo ba dangi, kowane gari ya tausaya ya yanka masa rago.

Cikin baƙin akwai wata daga Damagaram. Da ta ji matsalar Delu ta ce, "Yo mu hanza muke cewa. Ɗauki namu." Idon Delu ya kawo haske. Ta juya shi a baki ba ta fitar ba, ta dubi Gwamma. Gwamma ta girgiza kai. "A'a, ɗiyata. Wannan mijinki ne ya sa hula. Ko da hula ko ba hula, shi ne." Delu ta haɗiye abinta.

Gwamma ta ce anzar kusa duk an tsinke, har an ɗaura wa kowace tsumma, alamar mai ita. Mu a nan wa ya taɓa mallakar anza? Can kuwa na ga wata an ɗaura mata hannun riga sukutum. Muka wuce.

Kafin Cadakori muka shiga ƙasar Gobirawa, masu zane a kumatu kamar kaza ta yi tono. Mutanen kirki ne, sai dai in suna gaishe ka sai ka ɗauka faɗa ne. Nan wahala ta same mu. Kun san a garinmu itacen surukinmu guda ɗaya ne, a hanyar rijiya, kuma Delu kewaye shi take yi, in ba dama ta tuɓe takalmi ta wuce a sunkuye. To, can fadama guda muka tarar, daga nan har inda ido ya tsaya, duk Baba ne. Baba a dama, Baba a hagu, Baba ƙarami, Baba mai rassa. Delu ta tuɓe takalmi a na farko. Ta sa. Ta tuɓe a na biyu. Na ce, "Delu, ki yi gaisuwa ɗaya ki haɗa su duka." Ta ce, "Yaya, in ke kin saba da rashin kunya ni ban saba ba." Ta rataya takalman a wuya ta shiga fadama da ƙafa. Itacen kuwa kun san abin da yake zubarwa a ƙasa. Rabin yini na yi zaune ina cire mata ƙaya da tsinke, tana cewa, "A hankali, na Baba ne."

A bakin kasuwar Cadakori, kasuwar da ba kome sai fatu da ƙwarya, muka tambayi wani tsoho mai saƙar igiya.

Ya ce, "Mi kuka biɗa, Katsinawa?"

Na gaya masa. Ya ce, "Ku yi arewa. In kunka ishe aduwa mai rabin kai, ku bar ta ga hannun dama. In kunka ga ɗanya biyu sun jingina awa masu gulma, ku ratsa tsakaninsu. Sannan ku biɗi babban..." Sai ya faɗi sunan surukinmu, gatsau. Muka sunkuyar da kai tare. Tsohon ya lura. Ya ce, "Ban ji kun amsa ba. Ku maimaita, kar ku ɓace. Babban mi?" Na ce, "Babban Baba." Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Sai da ya faɗi sunan ya fi a ƙirga, yana ja yana lanƙwasawa, sannan ya sallame mu da ƙullin garin rogo. Allah ya saka masa, Allah kuma ya shirye shi.

Gobirawa da itace suke auna hanya, ba da gari ba. Dabara ce mai kyau a shekarar da itace ke da kai. Bana makiyaya sun sassare rassa sun ba dabbobi, kowane itace an yi masa aski ƙwal. Aduwa mai rabin kai? Duk aduwar da muka gani ba ta da kai ko kaɗan. Ɗanya masu gulma an raba su da gatari. Muka yi ta yawo har Akaza ya gaji da mu, ya ɗauki hanyarsa, muka bi shi don ba mu da ta cewa. Shi ya kai mu.

Wani kwari ne, shuru, ga anza kore shar kamar an zuba, 'ya'ya sun yi rawaya. A tsakiya bukka ɗaya, da wata Bafillata doguwa tana goge ƙwarya. Sunanta Dudu. Shanunsu sun ƙare tun da sanyi, mijinta ya bi ragowar tumaki kudu, ita ta ce ba ta gusawa. Ƙorai ta jera a kan gado, fes, manya da ƙanana, ba ɗigon nono a ko ɗaya, amma kullum sai ta goge su.

Ta dube ni ta ce, "Kai tsohuwa, ina za ka da jaki marar ciki?"

Na ce anza muka zo nema. Ta ce, "Anja? Oho, gigile. Ga shi nan, ɗiba, ba na kowa ba ne."

Delu ta saki igiyar jaki. Ta ce, "Me kika ce?"

"Gigile."

"Sunansa ke nan? Ba hula, ba kome?"

Na bayyana wa Dudu. Ba ta yi dariya ba, don su Fulani kunyarsu ta fi tamu nauyi, ita ko ɗanta na fari ba ta kallo. Delu ta matsa jikin itacen, ta kama ganye, ta ce a hankali, "Gigile." Ta jira ko ƙasa za ta tsage. Ba ta tsage ba. Sai ta ɗaga murya. Jama'a, matar da ta yi shekaru tana cewa "wancan abin" da "kin gane dai", ranar ta zama sanƙira. "Yaya, ga gigile! Yaya, taka gigile! Kai gigile, ɗan banza mai ɗaci, yau na kama ka!" Na ce ta sassauta, wannan na ƙarshen ban tabbata da itace take ba.

Ni ma na ce a taimake ni da na Baba. Dudu ta ce caski. Ya zauna mini a baki daram. Caski. Kun ji, na faɗa, ba abin da ya same ni.

Da muka zauna ɓara, sai Delu ta yi tagumi. Ta ce, "Dudu, abin aro ai mayarwa ake yi. Yaushe zan kawo miki?"

Dudu ta daɗe tana goge ƙwarya. Ta ce, "Mu akwai habbanaye. In mutum ba shi da saniya, ka ɗaura masa taka. Ya sha nono, ta haihu, ta haihu, ya riƙe 'ya'ya, ya mayar da uwa. Bana ba ni da saniya da zan ɗaura wa kowa." Ta ajiye ƙwaryar. "To, na ɗaura maka gigile. In ya haihu, kawo uwa."

Suka tafa hannu a kai, ni ce shaida.

Aikin anza ba ya sauri. A tsinka, a shanya, a daka sama-sama ɓawo ya fashe, a sheƙe, a tsince. Muna cika buhuna, ni ina duban rana ina lissafin kasuwa. Ta farko ta ci muna kwarin. Na gaya wa Dudu zancen tulu, na ce ko mun isa a kan lokaci, jiƙon kaɗai zai ci kwanakin da yara ba su da su, mai gida zai fasa. Ta tashi ta shiga bukka, ta fito da salka, irin ta fatar akuya da suke ɗaukar wa maruƙa ruwa. Ta ce su masu tafiya ba su jiƙo a tukunya. A zuba ƙwaya a salka da ruwa da ɗan toka, a rataya a ƙarƙashin cikin jaki. Jaki na tafiya yana girgizawa, ɗaci na fita. Duk rijiyar da aka tarar a zubar a sake, babba ta ɗanɗana. Ta ce, "Kana tafiya, yana dahuwa rabi." Ta ɗaura salkar da hannunta, ta ce ita ma habbanaye ce.

Muka juyo. Salka na ƙugi a ƙarƙashin cikin Akaza, ƙulun-ƙulun, shi kuma yana waiwaye yana neman wanda ke binsa. A rijiyar farko na ɗanɗana ɗaya, fuskata ta tattare kamar bakin jaka. A ta biyu na ji ya sauka kaɗan. Na ƙara ɗaya don in tabbata. Na ƙara don Delu ta ce ba ta yarda da ta farko ba. Aikin babba ne, kuma ciki ba kome. Kafin la'asar cikina ya fara amsa wa salka, ita ta ce ƙulun, shi ya ce ƙulun.

Washegari da hantsi muka iso wani gari tsakanin Sae Sabuwa da gida, ba zan faɗi sunansa ba don muna da surukai a can. Rijiya ɗaya, zurfi kamar ba ta da ƙasa, maza na ja da hannu don shanun ja sun mutu, mata sun yi layi da tuluna. Ni ban kai bakin rijiyar ba. Na miƙa wa Delu igiya na nufi wata sabara. Sabarar bana kuwa kun gan ta, ganyenta bai fi a rufe kaza ba. Daga nan nake jin kome.

Zafin rana ya sa salka ta kumbura, kumfa na fita ta baki, ga wani tsami na tashi. Delu ta roƙi guga ɗaya, ta ce za ta zubar da na ciki ta sake. Wani ya ce, "A zubar da ruwa? Bana?" Wani ya matso ya shinshina, ya ja da baya, ya ce a kira liman.

Liman ya zo, ya tsaya nesa, ya toshe hanci da gefen rawani. "Baiwar Allah, mene ne a salkar nan?"

"Gigile ne, Malam."

"Kun ji. Har suna gare ta. A ina ake dafa ta?"

"Ba a dafa ba tukuna, jiƙo ne. Wata Bafillata ta koya mana. Ku kwance ku gani."

"Ba mai sa hannunsa a giya a bakin rijiyar nan."

"Wallahi ba giya ba ce! Yayata ma ta sha ruwan ta ci ƙwayar tun jiya."

"Ina yayar?"

"Tana bayan sabara. Ba ta iya tsayuwa."

Liman ya ce, "To."

Na ji ana cewa a kawo wuƙa a farke salkar, a kore mu. Na leƙa ta tsakanin rassa. Delu ta rungume salka da jaki gaba ɗaya, kumfa na bin wuyanta. Wata mata ta ce, "Ke, faɗi da Hausa mana! Wane iri ne?" Na ga bakin Delu ya buɗe. Ya rufe. Ya sake buɗewa, "A... a..." Hawaye na zuba. Abincin jikokinmu ne a hannunta, da tulun iri, da shukar bana duka, ga mai wuƙa ya iso, amma sunan ya ƙi fita. Na san Delu. Za ta bari a farke ta ita da salkar kafin ta faɗa.

Ni kuwa ba halin tashi. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi, na ɗaga kai sama da sabara, na kwarara: "ANZA NE! Anza ce, ku bar ta, sunan mijinta ne!"

Garin nan kaf ya waiwayo. Delu kuwa, don sabo, ta ja mayafi ta rufe fuska tana duban hanya ko mijin ya iso.

Abin da ya biyo baya na bar wa Allah. Liman dai ya juya baya da sauri yana salati, maza suka bi shi. Mata suka zube a ƙasa don dariya. Da suka farfaɗo, matar liman da kanta ta kwance salka a ƙwarya, ta ɗanɗana, ta ce saura ruwa biyu. Ta ce kar Delu ta ji kome, ita ma shekarunta nawa ba ta ce wa kalgo kalgo ba, sai da surukinta mai sunan ya rasu. Wata ta ce ita tsamiya ce, "mai yami" take cewa. Ashe kowace da ramin da take tsallakewa a bakinta. Suka ba mu guga daga rabonsu, suka kawo mini jiƙon saiwar da ta tsayar da cikin, suka tambayi Delu yadda ake faɗin sunan nan na Fulani, suna gwadawa.

Ranar da muka shigo gari, 'yan kasuwar Cadawa na dawowa, ta biyu ke nan ta ci. Tun daga bakin danga na hango mai gida a tsakar gida. Ya fito da tulu, ya durƙusa, ga dutse a hannunsa. Jikoki zaune kewaye da shi, ba mai motsi, an riga an kawo turmi.

Na ce, "Malam, ajiye dutsen."

Ya dubi buhuna, bai yi murna ba. Ya ce, "Sannunku. Amma kun makara. Wannan sai an jiƙa, yaran nan ba za su kai ba."

Delu ba ta taɓa magana a gabansa da ƙarfi ba. Ranar ta wuce shi, ta sauke salka, ta kwance a turmin da aka kawo don iri. Ta ce, "Yaya, ɗanɗana." Na ce na yi murabus, a ba mai gida. Ya ɗauki ɗaya, ya tauna, muna kallon fuskarsa. Ba ta tattare ba. Ya ƙara ɗaya. Ya ajiye dutsen a hankali, ya ɗauki tulun ya mayar bayan gado. Kafin magariba dilo ya dahu da ɗan gishiri da kanwa, na ji ƙaramar jikata tana kuka wai na yayanta ya fi nata yawa. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Salka ɗaya ta riƙe mu har na buhu ya jiƙu, na buhu ya riƙe mu har ruwa ya sauka. Geron da kuke sussuka yau, na tulun nan ne.

Saura zancen habbanaye. Sunan ya haihu, ba shakka. Yara suka ɗauka, matan rijiya suka ɗauka, yanzu har akuya in ta shiga daji cewa ake ta tafi gigile. Delu ta yi ƙiba don daɗin baki. Sai ga Anza ya dawo daga kudu ana tsakiyar noma, da buhun garin kwaki da sabuwar hula. Ya shigo yana taƙama, ni kuma bakina bai san zama ba, wasan ƙanin miji ne. Na ce, "A'a, maraba da Gigile!"

Yara suka ji. Kafin sati ya zagayo ba mai ce masa Anza. Shi ma abin ya yi masa daɗi, ya ce ya fi na da zaƙi. Ranar da aka kira daga zaure, "Gigile yana ciki?" ya amsa, "Na'am," Delu na bakin murhu. Ta ajiye muciya. Ta dube ni, kallon da ban so in sake gani ba.

Yanzu, ban da na Baba, sunaye biyu ne ba ta iya faɗi. Mun ware dami guda da salka za mu kai wa Dudu in an gama sussuka, Delu ta ce za ta mayar da uwa da 'ya'yan duka, ba ta so. Kuma ta ji an ce Buzaye na da nasu sunan, za ta tsaya a hanya ta ara. Ta ce wannan karon ba za ta faɗa a gabana ba.